Fure Shida a Kan Ƙanƙara

Biyar ta saya. Wannan kam ko a gaban alƙali Raisa Fominichna za ta iya rantsewa. Mai kantin furen bakin tashar tarago ta ƙirga mata su a hannu, farare sol masu dogon kara, irin waɗanda ake kira gwazdika. Ta je gida ta sake ƙirgawa a kan teburin kicin, sannan ta ɗaure su da shuɗin zaren ulu, ta naɗe cikin leda don kada ganye ko ɗaya ya zube a kan ƙanƙara ya kayar da 'yar mutane. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin ajiye riguna na dandalin wasan zamiya kan ƙanƙara na garin Perm, tana karɓar kwat tana miƙa lamba, ba ta taɓa ba wani rigar wani ba. Matar da ta yi wannan ai ba za a koya mata ƙirga biyar ba.

Kuma wa zai yi wasa da lissafin fure a garin nan? Ko yaron da bai iya ɗaure takalminsa ba ya san mai rai mara ake ba shi, uku, biyar, bakwai. Cika kuwa, biyu, huɗu, shida, na makabarta ne. Saurayi ya kuskura ya kai wa budurwa fure huɗu, to ya fara neman wata.

Ulyana Rudneva za ta jefa wa. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai, 'yar unguwar bayan masana'antar injuna, wadda Raisa ta sani tun tana zuwa koyon zamiya da majina a hanci, kakarta na riƙe mata jaka. Yanzu ga shi ƙasa ta tsayar da ita a gasar da aka kawo garinsu, za ta kara da 'yan Japan da Kanada da Italiya. Raisa ba ta haihu ba. Duk son da ta tara shekara saba'in ta rasa inda za ta zuba, a kan yarinyar nan ta juye shi, yarinyar kuwa ko sunanta ba ta sani ba.

Ranar Juma'a, ranar gajeren wasa, tun ƙarfe biyu dandalin ya cika maƙil. Raisa ta zauna a wurinta, layi na uku, kujera ta goma sha ɗaya. Ta goma sha biyu tana naɗe, irin kujerun nan ne da ke miƙewa su manne da bayansu da zarar mutum ya tashi. Ta Taisiya ce, wadda kowa ke kira Tasya, mai sayar da shayi a dandalin, aminiyar Raisa ta shekara arba'in. A shekara ɗaya su biyun suka yi ritaya, aka ba su kujerun nan biyu har mutuwa. Kowace gasa Raisa ke kawo fulas ɗin shayi, Tasya ta kawo pirashki, soyayyen burodin nan mai kabeji a ciki, guda shida cikin tawul, ta ɗauki huɗu ta tura wa Raisa biyu, ta ce, "Ke mai ciwon suga, biyu sun ishe ki, Raika. Taimakonki nake." Haka take raba komai, ba ta taɓa cin abu ita kaɗai ba, ba ta kuma taɓa raba shi daidai ba.

A watan Afrilu zuciyar Tasya ta tsaya. Raisa ba ta je jana'iza ba, ba ta je addu'ar kwana arba'in ba, har yau ba ta san gefen da kabarin yake ba. Bana ma katin shiga biyu ofis ya aiko, don ba wanda ya tuna ya soke sunan.

"Raisa Fominichna," aka ce daga bayanta. Nonna Pavlovna ce, shugabar magoya bayan Ulyana, mace mai jan gashi da muryar da ake ji har wajen ajiye motoci. "Ki bar ƙanwata ta zauna a nan mana, tana can sama ko fuska ba ta gani. Mamaci ba ya kallon wasa."

"Da mai ita," in ji Raisa, ko waiwayawa ba ta yi ba.

"Kai, tsufa bai yi ba," Nonna ta faɗa wa na kusa da ita, da ƙarfi yadda za a ji.

Ulyana ce ta shiga ta tara, cikin riga ruwan toka. Ba sai na ja ku da nisa ba, yarinyar ta yi wasa. Ta tashi tsallenta mai juyi uku da rabi daidai gaban layi na uku, ta dira da ƙafa ɗaya kamar ba ta da nauyi, kaifin takalminta ya yi wannan 'yar ƙarar mai daɗi, shhh. Kiɗa na tsayawa mutum dubu bakwai suka miƙe. Aka shiga ruwan 'yan tsana da furanni ta ko'ina, wasu mata na kuka, wani ƙato a layi na biyu na ihun "Tamu ce! Tamu ce!" har muryarsa ta dishe. Raisa ta ja hannu baya ta wurga nata. Kafaɗar ta tsufa amma saitin yana nan, suka sauka a gefen ƙafar yarinyar. Cikin duk tarkacen da ke zube, furannin nan ne Ulyana ta sunkuya ta ɗauka.

Daɗi ya kusa kashe Raisa. Ta juya dama za ta ce, "Kin gani?" sai ta tuna, ta haɗiye.

Yarinyar ta je ta zauna a bencin jiran maki kusa da mai horar da ita. Aka hasko ta a babban allon da ke rataye tsakiyar dandali, tana haki tana murmushi, ta zame ledar ta ɗago furannin ta kai hanci. Mai kyamara ya matso da hoton, kawunan furannin suka cika allo, kowanne ya kai girman faranti.

Daga layukan tsofaffi shirun ya faro. Tafi ya riƙa mutuwa layi bayan layi, har aka wayi gari ana jin ƙugin injin sanyi a ƙarƙashin ƙanƙara. Leɓuna ne kawai ke motsi, kowa na ƙirgawa. Raisa ma ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa daga ɗaya gefen.

"Shida!" Nonna ta kurma. "Na rantse da kabarin uwata shida ne! Wane la'ananne ne?"

Wata tsohuwa ta tofa yawu sau uku ta kafaɗar hagu. Wani ya shiga ƙwanƙwasa katakon hannun kujera. A allo aka ga mai horarwar ta kai hannu za ta fizge furannin, yarinyar ta janye su ta rungume. Makin ya fito, Ulyana ce ta ɗaya, 'yar Japan mai suna Kotone na biye da ita da ɗan tazara, amma ba wanda ya yi murnar kirki.

"Waɗancan ne," in ji Nonna, ta nuna wasu matan Japan su biyar da ke zaune can gefe da tutarsu a cinya. "Masu sunkuye-sunkuyen munafunci. Sun ga tasu ba za ta iya ba, sun biyo ta bayan gida."

"Haba, Nonna Pavlovna," ƙaton layi na biyu ya ce. "Su ina suka san al'adarmu? Na ga ɗayarsu ma ta jefa wa Ulyana 'yar tsana."

"Ba su sani ba? Ruwa ba ya tsami banza, malam. Ka tsaya nan kana kare su."

Matan Japan ɗin suka ga ana nuna su, ba su san dalili ba, suka yi murmushi suka ɗaga hannu. Raisa kuwa ta noƙe a kujerarta. Ta ga shuɗin zaren a allo, ta san hannun da ya ƙulla shi. Ta sunkuya za ta ɗauki jakarta ta sulale, a nan ne ta lura kujera ta goma sha biyu a buɗe take, shimfiɗe, kamar da mutum a kai. Ba ta taɓa ta ba. Ta ɗora tafin hannu a kan ledar kujerar, ta ji ta da ɗumi. Can kuma wani ɗan wari ya bugi hancinta, warin ɗigon maganin zuciyar nan da Tasya ke zubawa a shayi.

A tarago, duhun ƙarfe biyar ya riga ya rufe gari, maganar da ta yi wata takwas tana dannewa ta taso mata. A watan Maris ne, suna kallon wata gasa a talabijin ɗin Tasya. Ulyana ta yi tuntuɓe a dira amma aka ba ta zinare, aka bar Kotone ɗin nan a ta biyu. Tasya ta ce, "Gaskiya dai alƙalai ne suka ɗaga ta. 'Yar Japan ɗin ta fi ta." Shi ke nan fa, kamar an zuba wa wuta fetur. Aka tono na shekara arba'in, har da mijin Tasya da ya mutu tuntuni sai da ya sha zagi. Raisa ta tsaya bakin ƙofa da kwat a hannu ta ce, "Ranar da kika mutu, ko fure biyu ba zan kai kabarinki ba." Tasya ta yi dariya, baki cike da biskit, ta ce, "Za ki kawo, Raika. Ko ba kya so za ki kawo." Mako uku a tsakani aka bugo waya. Ranar jana'izar Raisa ta sa baƙaƙen kaya, ta zauna a kan akwatin takalma bakin ƙofarta har yamma. Ba fushi ne ya hana ta fita ba, kunya ce. Magana zarar bunu ce, ta rasa da wane ido za ta tsaya kan ramin.

Ta isa gida wayarta na ta tsuwa. Zauren magoya baya ne, wanda suka sa wa suna Iyayen Ulyana, saƙo ya haura ɗari huɗu. An yanko hoton furannin an zagaye kowanne da jan layi an sa masa lamba. Wata ta ce a kai ƙara ofishin jakadanci. Wani ya ce shirme ne na tsofaffi, aka yi masa ca har ya fice daga zauren. Wata ta ce a garinsu an taɓa ba amarya fure takwas, ba ta kai lokacin kaka da rai ba. Daga ƙarshe Nonna ta rubuto cewa a bar batun Japan tukuna, a dubi zaren. Ulu ne na saƙar hannu, na gida ne, kowa ya buɗe ido gobe. Raisa ta kalli hularta da ke rataye jikin ƙofa. Tasya ce ta saƙa mata ita bara, ragowar zaren ne ta ɗaure furannin da shi.

Ita ba tonon asirin ne ya dame ta ba, su tsire ta in sun ga dama. Gobe ne dogon wasa, tsalle bakwai, kan yarinya kuwa ba ya jure dukan ƙanƙara. Ita da hannunta ta miƙa wa 'yar shekara goma sha bakwai rabon matattu.

Ranar Asabar tun sha biyu ta isa, ta zagaya ta ƙofar baya inda ake ajiye motar goge ƙanƙara. Rinat na zaune kan bokiti yana shan shayi. Tsoho ne ɗan ƙabilar Tatar, shi ke tuƙa motar tun Raisa na da baƙin gashi.

"A'a, Raya! Ke ce da tsakar rana? Na ɗauka ku jemagu sai an kunna fitila kuke fitowa."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Rinat. Yaya ta yi a atisayen safe?"

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ajiye kofin ya ce ta biyo shi. Dandalin babu kowa, fitilu rabi a kashe, kujeru dubu bakwai duk a naɗe. Daga nesa ta hango guda ɗaya a buɗe a layi na uku, ta kawar da kai. Rinat ya jingina da katangar filin ya nuna mata wani wuri a kan ƙanƙarar, daidai gaban kujerunsu, faɗinsa bai wuce murfin tukunya ba, yana sheƙi.

"Sau huɗu na bi ta kansa. Ko'ina ya daskare, nan ya ƙi. Na sa hannu, Raya, wallahi da ɗumi. Na kira shugaba, ya zo ya taka ya ce shi bai ga komai ba, wai in je a duba min ido." Ya shafa gemu. "A nan take dira daga babban tsallenta. Sau uku ta faɗi da safe, na ukun har kanta ya kusa gaisawa da katanga. Sauran 'yan wasan kuwa suna bi ta kai lafiya lau. Allah dai ya kiyaye."

"Ni na jefa furannin."

Ya dube ta, ya dubi hular. Bai tambaye ta komai ba, wannan ne halinsa da take so.

"Kai ni wurinta," ta ce.

"Za su kore ni daga aiki."

"Saura wata nawa ka yi ritaya, tsohon banza? Kai ni."

Sai wajen ƙarfe uku ya samu hanya, lokacin da mai horarwar ta hau sama wurin alƙalai. Ya bi da ita ta lungun bututun sanyi, ya tura wata ƙofa, ya tsaya gadi. Ulyana na cikin ɗakin canza kaya ita kaɗai, zaune a benci, an naɗe mata gwiwa da bandeji, takalman zamiyarta a gefe. Kusa-kusa ba ta kai yadda take a allo ba, 'yar firit ce, duk idanu. Furannin na kan taga cikin gorar ruwa da aka yanke wa kai.

"Goggon ɗakin riguna!" in ji yarinyar. "Ke ce kike ba ni alewa in na faɗi."

Ashe ta tuna. A wata rana daban da wannan kaɗai ya ishi Raisa guzurin shekara. Yau kuwa ta tsaya tana murza safar hannu, don abin da ta zo yi ba ƙaramin abin kunya ba ne. Wa ya taɓa ba da kyauta ya dawo ya ce a ba shi abinsa?

"'Yata, furannin nan. Ni na jefa. Na zo karɓa."

Yarinyar ta kalli taga. "Malama ta ce in zubar, na ƙi. Kakata da irin zaren nan take ɗaure komai, har murfin kwalba. Ni ban yarda da camfin nan ba, Goggo." Ta sassauta murya. "Amma jiya da muka koma masauki na zare ɗaya, don a bar ni in huta. Na karya shi na jefa a kwandon shara na waje. Da safe na ƙirga."

"Shida."

"Shida. Na sake zarewa kafin atisaye, na ba mai shara. Da na dawo…" Ba ta ƙarasa ba. "Kuma in na zo dira a gaban layinku, sai in ji kamar an riƙe min ƙafa. Ba da mugunta ba. Kamar dai yadda tsohuwa ke riƙo hannun riga in tana son tambayar hanya. Ban faɗa wa kowa ba, za su ce tsoro ne."

Raisa ta daina murza safar hannun. Ta san wannan riƙon, shekara arba'in ana yi mata shi.

"Ba naki ba ne, 'yata. Na wata ne, ta daɗe tana jira, ni ce na kai su gidan da ba nasu ba. Miƙo min da hannunki, ki ce kin ba ni."

Ulyana ta tashi tana ɗingishi, ta zaro su daga gorar, ruwa na ɗiga. "Na ba ki."

"Na karɓa."

Sanyinsu ya ratsa safar hannunta har ƙashi. Ba ta yi wa yarinyar fatan sa'a ba, ba mai hankalin da ke yin haka kafin a hau ƙanƙara. Ta dai ja mata kunne kaɗan ta ce ta ɗaure takalmi da kyau, ta fita.

Ba ta ɓoye su a jaka ba. Ta babbar ƙofa ta shiga, wuri ya riga ya cika, ta ratsa jama'a da fure shida a ƙirji da shuɗiyar hula a ka. Wayyo, ku zo ku ga darewa! Mutane suka riƙa matsawa suna janye 'ya'yansu, mata na tofa yawu ta kafaɗa, wayoyi suka tashi sama ana ɗaukarta. Ta ji ana cewa "ita ce", "mayya", "ai daman ba ta haihu ba". Nonna ta tare bakin layi na uku, ta riƙe ƙugu.

"Ke? Ke, Raisa Fominichna? Muna ta zagin baƙi ashe ɓarawon na cikin gida! Me yarinyar nan ta tare miki, tsohuwar kawai?"

"Ni ce. Ki je ki ba matan can haƙuri. Matsa in wuce."

"Sai na kira masu gadi sun fitar da ke!"

"Kira. Amma ki fara karɓar waɗannan ki riƙe min." Ta miƙa mata furannin.

Nonna ta yi baya har ta taka ƙafar wani. Duk bakin nan nata, ba ta yarda ko ledar ta shafe ta ba. Raisa ta wuce ta zauna. Na kusa da ita suka tattara jakunkuna suka koma tsaye a matakala, aka bar ta ita kaɗai tsakiyar kujeru kusan goma, duk a naɗe, ban da ta damanta.

An fara kiran rukunin ƙarshe. Ta ɗora furannin a kan kujera ta goma sha biyu, ta gyara musu kwanciya, kawunan suna kallon fili. Ta buɗe fulas ta zuba shayi a murfi ta ajiye a ƙasa tsakaninsu. Tana magana ba ta juya ba, idonta a kan ƙanƙara, yadda suka saba hira.

"Ga su nan, Tasya. Kin ce zan kawo, na kawo. Ba biyu ba ma, shida, ke da haɗama." Ta share ido da bayan safa. "Na sa kaya ranar nan, wallahi na sa. Kunya ce ta zaunar da ni. Ban taɓa kewar kowa kamar yadda nake kewarki ba, muguwa. Ki yafe min. Ki sakar wa yarinya ƙafa, ita ba ta yi miki komai ba. In riƙo kike so, ga hannun rigata."

Ba abin da ya amsa. Warin maganin zuciya dai ya ƙaru, har ya rufe warin gugguru da ake sayarwa a sama.

Kotone ce ta shiga kafin ta ƙarshe. Ta yi wasa kamar ruwa na gangara, babu tuntuɓe ko ɗaya, dandalin ya tafa mata a daddafe. Sannan aka kira Ulyana. Yau ba ihu, ba tuta. Mutum dubu bakwai suka yi tsit, kowa ya san abin da kowa ke tsoro. Kiɗa ya tashi. Yarinyar ta zagaya fili sau ɗaya tana tara gudu, ta juyo ta nufo layi na uku. Raisa ta leƙa ƙanƙarar, ta kasa gane ko wurin na sheƙi ko fitila ce. Ta ga yarinyar ta lanƙwasa gwiwar nan mai bandeji, ta tashi sama. Raisa ta rufe fuska da hannu biyu.

Ta ji shhh.

Sai dandalin ya fashe. Ba ta buɗe ido ba, ta bar hannuwanta a fuska tana kuka cikin safar, tana ƙirga sauran tsallen da kunne, kowanne da ihunsa, har bakwai. A na shida ta ji jama'a sun ce "ah", alamar an ɗan dafa ƙanƙara da hannu, amma kiɗan ya ci gaba, ƙarar takalmi ta ci gaba. Da aka gama har benci na rawa saboda buga ƙafa. Ta ji Nonna a baya tana rusa kuka tana kiran sunayen waliyyai. Ta leƙa ta tsakanin yatsu, ta hango Rinat can bakin ƙofar motarsa, ya ɗaga mata hula.

Maki ya fito. Kotone ta ɗaya, Ulyana ta biyu. Nan take mutanen da suka gama roƙon Ubangiji ya bar musu yarinya da rai suka koma fito da zagin alƙalai, wai an saye su. Ɗan Adam ke nan. A allo kuwa Ulyana na dariya, ta rungume 'yar Japan ɗin, lafiyarta ƙalau.

Raisa ta share hanci. "To, na ji," ta ce. "Waccan ta fi ta. Yau ma, da ranar nan ma. Kin ji daɗi?"

Ta sunkuya za ta ɗauki murfin fulas, ta tarar babu shayi a ciki. Sai a lokacin ta ji wani ɗan sanyi a cinyarta, ya ratsa siket. Ta duba. Farin fure biyu ne kwance a kan cinyarta, an jera su kai da kai. Ta juya dama. Huɗu na kan kujera, shuɗin zaren a kwance, an warware ƙullin a hankali ba a tsinka ba.

Ta daɗe tana kallonsu. Ta san wa ake ba fure biyu, ba sai an faɗa mata ba. Ta jira tsoro ya zo, abin mamaki bai zo ba, sai wata gajiya mai daɗi irin ta wanda ya sauke kaya. Jama'a na ta turereniyar fita, ba wanda ya kalli inda take.

"Har a nan ma," ta ce. "Ke huɗu, ni biyu."

Ta ɗauki zaren ta ɗaure nata biyun, ta ƙulla da kyau, ta soke su cikin kwat ta gefen zuciya. Ta rufe fulas, ta gyara hula, amma ba ta tashi ba.

"Na ji, zan zo. Ki riƙe min wuri kusa da ke. Sai dai ki yi haƙuri zuwa jibi, Tasya, gobe ne wasan maza, kin san ba na so a ba ni labari."

Aka fara kashe fitilu daga sama, layi bayan layi. Kujera ta goma sha biyu ba ta naɗe ba.